Maraya da Matar Uba: Tarihin Abraham Linkon da Danginsa

 

A wannan shekara mun zaɓi mu kawo muku tarihin wani mutum daga ƙasa mai nisa, wato Abraham Linkon, shugaban Amurka na 16. Mutane da yawa sun san shi da zancen ƴanta bayi. Mu kuwa gidan da ya fito muke so mu leƙa, domin a can ne muka ga abin da ya shafe mu.

Bari mu fara da nasabarsa, kamar yadda muka saba gani a littattafan tarihi. Shi ne Abraham ɗan Tomas ɗan Abraham ɗan Jon ɗan Mordekai ɗan Mordekai ɗan Samuwel. Shi wannan Samuwel yaro ne mai koyon saƙa, ya baro Ingila a 1637 ya sauka a Masacusets. Daga nan zuriyarsa ta yi ta ƙaura tana neman ƙasar noma, suka zauna a Fensilbaniya, suka gangara Bajiniya, daga bisani kakan shugaban ya kwashi iyalinsa ya nufi dajin Kentaki. Shi kansa Linkon bai san wannan salsala duka ba. Masu bincike ne suka haɗa ta bayan rasuwarsa.

A 1786 aka harbe kakan nasa yana cikin aikin gona. Wanda ya harbe shi yana cikin mutanen asalin ƙasar, waɗanda baƙi Turawa ke ta mamaye musu filaye a lokacin. Tomas yana ƙaramin yaro, a gabansa abin ya faru. Bisa dokar wancan zamani, babban ɗa ne ke gadon fili, don haka Tomas ya tashi hannu rabbana. Ya yi ƙwadago a gonakin mutane, ya koyi aikin kafinta, da ƙyar yake iya rubuta sunansa. A 1806 ya auri Nansi Hanks. Suka haifi ƴa mace, Sara, sannan ranar 12 ga Fabrairu 1809 aka haifi Abraham a wani gida mai ɗaki ɗaya tak, wanda aka gina da gumagumai.

Zaman Kentaki bai yi wa Tomas daɗi ba. Ba a auna filaye yadda ya kamata ba, sai mutum ya sayi gona ya share, wani ya fito da takarda ya ce tasa ce. To, da shari'a ta ishe shi, ga shi kuma ba ya son bautar da mutane da ake yi a jihar, sai ya ƙetare kogin Ohayo zuwa Indiyana a 1816. Nan aka danƙa wa Abraham gatari tun yana ɗan shekara bakwai zuwa takwas, yana taya mahaifinsa sare daji.

A watan Oktoba na 1818 babban rashi ya same su. Akwai wata ciyawa mai dafi a dajin, idan shanu suka ci, dafin yakan bi ta cikin nono ya kama wanda ya sha. Ita ce ta yi ajalin Nansi. Mijinta ne ya sassaƙa akwatin da aka binne ta a ciki. Abraham yana da shekara 9, yayarsa tana da 11, ita ce ta koma mai dafa abinci da wanki.

Bayan shekara guda Tomas ya koma Kentaki ya auro wata bazawara, Sara Bush Jonston, mai ƴaƴa uku. Nan fa labarin ya juya. Mun san irin abin da ake faɗa a kan matar uba a garuruwanmu, har a tatsuniya ba a cika ba ta kyakkyawan suna ba. Wannan baiwar Allah kuwa da ta iso ta tarar da yara cikin tsumma da dauɗa, sai ta yi musu wanka, ta gyara musu tufafi, ta sa mijinta ya shimfiɗa katako a daɓen ɗaki, ya gyara ƙofa da taga. Ba ta bambanta nata da na marigayiya ba. Ita kanta ba ta iya karatu ba, amma da ta ga yaron yana son littafi, sai ta tsaya masa, ta roƙi uban ya riƙa ƙyale shi yana karatu.

Idan aka haɗa duk zaman da ya yi a makaranta, bai wuce shekara ɗaya ba. Sauran iliminsa da littattafan aro ya same shi. Mu da muke da malamai safe da yamma, ai wannan abin tunani ne.

A 1828 yayarsa Sara ta rasu wurin haihuwa. A 1830 iyalin suka sake ƙaura zuwa Ilinoyi, kuma shekarar da ta biyo baya ya fita neman na kansa. Ya yi tsaron kanti, ya riƙe gidan waya na ƙauye, ya yi aikin awon filaye. Ya karanta littattafan shari'a shi kaɗai har ya sami izinin zama lauya a 1836. Ya auri Meri Tod a 1842. A 1860 aka zaɓe shi shugaban ƙasa, jihohin kudu suka ɓalle, aka shiga yaƙin basasa wanda ya ci rayuka fiye da 600,000. Ranar 1 ga Janairu 1863 ya sa hannu a sanarwar ƴanta bayin da ke jihohin da suka yi tawaye. A lokacin akwai bayi kusan miliyan 4 a ƙasar, zuriyar waɗanda aka kwaso daga Afirka. Ranar 14 ga Afrilu 1865 wani mai goyon bayan kudu ya harbe shi a gidan wasan kwaikwayo a Washinton, washegari da safe ya cika.

Akwai abin da ba za mu ɓoye ba. Tsakaninsa da mahaifinsa babu shaƙuwa. Tomas yakan tura shi ƙwadago ya karɓe kuɗin, kamar yadda doka ta ba shi dama, kuma yana ganin yawan karatu kamar gudun aiki ne. Da Tomas ya kwanta ciwon ajali a 1851, Abraham ya aika da wasiƙa amma bai je ba, bai kuma halarci jana'iza ba. Wannan kam ba mu ga abin koyi a ciki ba, ko da me ya shiga tsakaninsu.

Amma matar uban nan bai taɓa mantawa da ita ba. Ya sayi eka 40 daga gonar mahaifinsa, ya bar musu suna ci. Da ɗanta na cikinta ya so a sayar da filin bayan rasuwar Tomas, Abraham ne ya hana, don kada tsohuwa ta rasa madogara. Kafin ya tafi karɓar mulki a farkon 1861, sai da ya yi takakkiya zuwa ƙauye ya yi mata ban kwana. Ganinsu na ƙarshe ke nan. Ta rayu har 1869.

Ƴaƴansa huɗu ne, duka maza, ɗaya ne kawai, Robat, ya kai girma. Tattaɓa kunnensa na ƙarshe da aka tabbatar ya rasu a 1985, daga nan zuriyar ta yanke.

Ƴan uwa, a ajinmu ma akwai waɗanda suka tashi a hannun matar uba ko gwaggo ko kaka. Iyayenmu mata da ke riƙon ɗan wata, ku dubi wannan mata: ba ta da ilimi, ba ta da dukiya mai yawa, abin da ke hannunta ta bayar, kuma ba ta san abin da yaron zai zama ba. Mu kuma da aka riƙa, kada mu manta da hannun da ya wanke mu.

Allah Ya saka wa masu riƙon marayu da alheri, Ya ji ƙan iyayenmu. Kuskuren da ke ciki namu ne, muna roƙon malamai su gyara mana. Wassalam.