Tarihin Dokta Armauer Hansen, Likitan da Ya Gano Ƙwayar Cutar Kuturta

A ƙasarmu ta Haɗejiya, kamar sauran ƙasar Hausa, idan aka tashi neman aure akan binciki asalin gida, kuma cikin abubuwan da akan tambaya har da ko akwai kuturta a dangi. Aure da yawa ya mutu tun ba a ɗaura ba saboda amsar wannan tambaya. Wasu kuma sukan ce cin kifi tare da nono ne yake kawo cutar, wasu su ce sammu ne ko alhaki. Mutumin da za mu ba da tarihinsa a nan shi ne ya fara nuna wa duniya cewa wata 'yar ƙwayar cuta ce take jawo kuturta, ba a gadonta. Sunansa Gerhard Henrik Armauer Hansen, mutumin ƙasar Norwe, can arewacin Turai.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Hansen ranar 29 ga Yuli, 1841, a Bergen, wani gari na bakin teku da ya shahara da cinikin kifi. Shi ne na takwas cikin 'ya'ya goma sha biyar. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, amma ya yi karayar arziki tun Hansen yana yaro. Saboda haka lokacin da ya shiga jami'a a Kiristiyaniya, birnin da yanzu ake kira Oslo, sai da ya riƙa haɗa karatu da koyarwa don ya samu abin biyan bukata. Ya gama karatun likita a 1866. Daga nan ya yi aiki na ɗan lokaci a tsibiran Lofoten, yana duba masunta a lokacin kamun kifi. A 1868 ya komo garinsu, ya kama aiki a asibitin kutare.

Ɗalibai za su yi mamakin jin cewa akwai kutare a ƙasar Turawa. To, a wancan zamani yammacin Norwe yana cikin wuraren da cutar ta fi yawa a Turai. Mutanen yankin talakawa ne, manoma da masunta, suna kwana a cunkushe cikin ƙananan ɗakuna saboda tsananin sanyi. A 1856 gwamnati ta buɗe rajistar kutare ta ƙasa baki ɗaya, aka rubuta mutum kusan 3,000. Garin Bergen kaɗai yana da asibitin kutare uku.

Saɓaninsa da Surukinsa

Shugaban Hansen a wurin aiki shi ne Dokta Daniel Danielssen, babban masanin kuturta na lokacin. A 1847 shi da wani likita mai suna Boeck suka wallafa littafin da ya bayyana kamannin cutar filla-filla, ya kuma raba ta da sauran cututtukan fata da ake ruɗa ta da su. Danielssen ya haƙiƙance cewa kuturta gado ce. Yana kuwa da hujja, domin ya sha ɗibar abin da ke cikin ƙullutun majinyata ya sa a jikinsa da na wasu ma'aikata, amma ba wanda ya kamu.

Hansen bai gamsu ba. Bayan ya ƙaro ilmi a biranen Bonn da Vienna a 1870, sai ya shiga ƙauyuka gida-gida a 1871 da 1872, yana tambayar asalin majinyata. Ya tarar da mutanen da babu kuturta ko kaɗan a danginsu, amma suka kamu bayan sun zauna a inda cutar take. Ya kuma lura daga rajista cewa a gundumomin da aka fi kai majinyata asibiti, sababbin kamu sun fi raguwa. Abin da ake gada a jini ba zai ragu don an raba wurin kwana ba. Wannan ya sa ya tabbata cutar ɗaukarta ake yi.

A farkon 1873 Hansen ya auri 'yar Danielssen, watau shugabansa ya zama surukinsa. Duk mun san nauyin suruki, amma wannan bai sa ya bar abin da ya gani da idonsa ba. Amaryar ba ta yi shekara ba ta rasu da ciwon tarin fuka. Duk da wannan rashi da kuma saɓanin ra'ayi, mutanen biyu suka ci gaba da aiki tare. Da Hansen ya sake aure ya samu ɗa namiji, sunan Danielssen ya sa masa.

Gano Ƙwayar Cutar

Ranar 28 ga Fabrairu, 1873, Hansen yana duba ɗan abin da ya yanko daga ƙullutun fatar wani majinyaci a ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu, sai ya ga waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu kama da sanduna a cikin ƙwayoyin naman. Ya duba na wasu majinyatan masu ƙullutu, ya sake ganinsu. A 1874 ya wallafa rahotonsa. Waɗannan 'yan sanduna su ne ƙwayar da masana suke kira Mycobacterium leprae. A lokacin likitoci da yawa ba su yarda cewa abin da ido ba ya gani zai iya kayar da mutum ba. Sai bayan shekara tara, a 1882, Robert Koch na Jamus ya gano ƙwayar tarin fuka, wadda take dangi ɗaya da ta kuturta.

A 1879 wani saurayin likita Bajamushe, Albert Neisser, ya ziyarci Bergen. Hansen ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ba shi samfuri ya tafi da su gida. Neisser ya rina ƙwayoyin da wani irin launi har suka fito sarai, ya wallafa, aka shiga jayayya a kan wanda ya fara ganowa. A ƙarshe duniya ta bar wa Hansen wannan daraja, ko da yake aikin Neisser ya taimaka wajen tabbatar da ita.

Kuskuren da Ya Kai Shi Kotu

Abu ɗaya ya gagari Hansen. Ya kasa renon ƙwayar a cikin kwalba, ya kuma kasa sa wa dabbobi cutar, alhali ta nan ne zai rufe bakin masu musu. Ƙaguwa ta sa ya yi abin da bai kamata ba. A watan Nuwamba na 1879 ya kira wata mata da ke jinya a asibitinsa, ya sa mata abin da ya ɗebo daga ƙullutun wani majinyaci a cikin ido, ba tare da ya yi mata bayani ko ya nemi yardarta ba. Matar ta sha zafi, ta kai ƙara. A watan Mayu na 1880 kotu ta same shi da laifi, aka raba shi da aikinsa na asibitin. An dai bar masa muƙamin babban jami'in yaƙi da kuturta na ƙasa, wanda ya riƙe tun 1875. Har yau akan karantar da wannan shari'a ga masu koyon aikin likita, domin su san cewa jikin majinyaci nasa ne, komai talaucinsa kuma komai girman likita.

Sauran Aikinsa da Rasuwarsa

Da shawararsa aka yi dokokin 1877 da 1885, waɗanda suka tanadi cewa majinyaci ya keɓe a gida ko a kai shi asibiti. Dokokin sun sha suka saboda tsananinsu, domin sun raba mutane da iyalinsu. Yawan majinyata ya sauka daga wajen 1,800 a 1875 zuwa 575 a 1901, ko da yake samun ingantaccen abinci da gidaje ma ya taimaka. A ƙarshen shekarun 1880 ya tafi Amurka ya bi sawun kutaren Norwe da suka yi ƙaura can, bai tarar da cutar a jikin 'ya'yansu da jikokinsu ba. Wannan ya ƙara karya maganar gado. A 1909 ya shugabanci babban taron duniya a kan kuturta a Bergen. Ya rasu da ciwon zuciya ranar 12 ga Fabrairu, 1912, a garin Florø, yana kan rangadin aiki, yana da shekara 70.

Amfanin Aikinsa a Ƙasarmu

Hansen bai ga maganin kuturta da idonsa ba, amma da aka san maƙiyi sai aka san inda za a nufa. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi kula da sansanonin kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Yadakunya ita ce ta Lardin Kano, wanda Haɗejiya take cikinsa a lokacin. Maganin da ake da shi a sannan allurar wani man itace ce daga Indiya, mai zafi, mai ƙarancin amfani.

Nijeriya ta taka rawa wajen samo magani na gaskiya. A Uzuakoli, cikin Jihar Abiya ta yanzu, Dokta John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa za a iya shan ƙwayar dapsone ta baki, ga ta kuma da araha. Wannan ya sa aka iya raba magani a ƙananan asibitoci, majinyaci ya karɓa ya koma gonarsa. A Uzuakoli ɗin ne kuma Dokta Stanley Browne da abokin aikinsa suka gwada clofazimine a farkon shekarun 1960. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa waɗannan biyu da rifampicin, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su. Shan magani na wata 6 ko 12 yana kashe ƙwayar, kuma da zarar mutum ya fara sha ya daina yaɗa ta. Har yanzu ana samun sababbin kamu wajen 200,000 a duniya kowace shekara, Nijeriya tana cikin ƙasashen da ake samu.

Abin da Ya Kamata Mu Riƙe

Ƙwayar tana fita ta hanci da bakin wanda bai fara magani ba, kuma sai an daɗe ana zama tare kafin a ɗauka. Gaisawa ko cin tuwo a kwano ɗaya ba ya kawo ta, kuma jikin akasarin mutane yana iya kashe ta da kansa. Takan yi shekara biyar ko fiye kafin ta bayyana. Alamarta ta farko wani tabo ne a fata, mai haske ko ja-ja, wanda ba ya ƙaiƙayi kamar makero ko ƙazuwa. Ma'aikacin lafiya yakan sa mutum ya rufe ido, ya taɓa wurin da auduga. Idan bai ji ba, sai a duba jijiyoyi, wani lokaci a ɗan kankari fata a duba a madubi, kamar yadda Hansen ya yi.

Cutar ba ta cin yatsu da kanta. Jijiyoyi take kashewa, sai mace ta ɗauki tukunya mai zafi ba ta ji ba, manomi ya taka ƙaya a fadama bai sani ba, gyambo ya shiga. Wanda ya zo da wuri yakan warke sumul ba nakasa. Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, idan kun je hutu kuka ga irin wannan tabo a jikin wani na gida, kada ku bari a ɓoye shi don jin kunya. Ku raka shi asibiti, ku kuma gaya wa iyaye cewa ba abin da zai hana 'ya'yan gidan yin aure. Allah ya ba mu lafiya, amin.