Busbek, Jakadan da ya tara tsirrai da kalmomi

An haifi Ogier Ghiselin de Busbecq, wanda za a kira Busbek a nan, a garin Komin na yankin Filanda a 1522. Ya yi karatu a Luben da jami'o'in Italiya, kafin Sarki Fadinan na Ostiriya ya tura shi jakada zuwa ga Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya a 1554. Aiki ne mai hatsari, domin daulolin biyu na taƙaddama a kan ƙasar Hangari. Ya shafe shekaru a Santambul kusan a tsare cikin masaukinsa, sai a 1562 ya koma gida da yarjejeniyar tsagaita yaƙi ta shekara takwas.

Zaman jiran bai tafi a banza ba. Shi da likitansa Kwakelben, wanda annoba ta kashe a 1561, sun tattara iri da saiwoyi da ganyayen magani, suna aika wa masana a Turai. Akan danganta masa shigar da furen tulip Turai ta Yamma, kodayake masana tarihi na jayayya a kan haka. Sunan furen kansa abin dubawa ne ga ɗalibin harshe. Turkawa lale suke ce masa. Kalmar da Busbek ya rubuta ta samo asali ne daga kalmarsu ta rawani, kuma ita ce ta bi harsunan Turai har yau. A hanyarsa ta zuwa Amasiya a 1555, ayarinsa ya kwafi rubutun Sarki Agustas na Rum da ke jikin bango a Ankara. Shi ne kuma ya ba da labarin tsohon kundin tsirrai na Diyoskoridis, wanda daga baya aka saya aka kai Biyana.

Babbar gudummawarsa ga ilimin harsuna tana cikin wasiƙarsa ta huɗu. Ya ji cewa a Kirimiya akwai al'umma mai harshe irin na Jamusawa, sai ya sa aka kawo masa mutum biyu daga can. Ɗaya ɗan ƙabilar ne, amma ya manta harshen saboda cuɗanya da Girkawa. Ɗayan Bagirke ne da ya koye shi. Daga bakinsu ya rubuta kalmomi kusan 80 da gajeriyar waƙa. Wasu kalmomin sun yi kama da na Jamusanci, lambobin ɗari da dubu kuwa aro ne daga harsunan Iran.

Wannan jeri shi ne kusan duk abin da ya rage na Gotancin Kirimiya, wanda ya mutu daga baya. Sai dai hujja ce mai rauni: mai ba da bayanin ba harshen uwarsa ba ne, mai rubutun ya ji sautukan da kunnen Filamanci, masu ɗab'i kuma sun ƙara nasu kurakuran. Har yanzu masana na tankaɗe da rairaya don gane wane harafi ne na harshen, wane ne na jakadan.

A 1592, yana hanyar komawa Filanda daga Faransa, sojoji suka tare shi suka yi masa fashi. Bayan kwanaki kaɗan ya rasu kusa da birnin Ruwan.