Robert Koch: Likitan Karkara Da Ya Gano Maɓoyar Ciwon Saifa

An haifi Robert Koch a garin Clausthal na ƙasar Jamus ranar 11 ga Disamba, 1843. Ya yi karatun likita a Jami'ar Göttingen, kuma a 1872 ya kama aiki a Wollstein, yankin manoma da makiyaya inda ciwon saifa ke hallaka tumaki da shanu. Abin da ya ɗaure wa jama'a kai shi ne yadda fili guda kan ci dabbobi shekara da shekaru.

Koch ya raini ƙwayar cutar cikin ruwan idon saniya, yana lura da ita ta madubin bincike. Ya ga cewa idan abinci ya ƙare mata, takan dunƙule ta zama iri mai tauri da ke jure zafi da fari. Da zarar dabba ta haɗiye shi wajen kiwo, ɗumin jiki da danshi kan tada shi, ya tsiro, ya cika jini. A 1876 ya wallafa wannan bincike.

Ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, ya karɓi kyautar Nobel a 1905, ya rasu ranar 27 ga Mayu, 1910.

A karkarar Dambatta da Bichi, inda gona da turke da rijiya ke maƙwabtaka, darasinsa na nan daram. Feɗe mushen da ciwon saifa ya kashe tamkar shuka cutar ne a ƙasa. A ƙone shi ko a binne da zurfi, a yi wa sauran garken rigakafi.