Paul Rader, Mai Wa'azin Rediyo

An haifi Paul Rader a Amurka a 1879. Ɗan fasto ne, amma da ya girma sai ya bar bangaskiya, ya bi dambe da neman kuɗi, har Ubangiji ya komo da shi. A 1922 magajin garin Shikago ya kira shi ya yi wa'azi ta rediyo. A zamanin nan waɗansu masu bi suna ganin rediyo kayan Shaiɗan ne, amma Rader bai ja da baya ba. Mai busa masa ƙaho, Clarence Jones, shi ya kafa gidan rediyon Bishara a ƙasar Ekwado a 1931. Rader ya rasu a 1938. Mu da muka ji Bishara da Hausa ta rediyon ELWA, daga rijiyar da ya haƙa muka sha.