Soren Sorensen, Mai Awon Tsami

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya shiga ɗakin kimiyya ya ga haruffan nan biyu, pH. Ina so in ba ku tarihin wanda ya ƙago su.

Sunansa Soren Sorensen. An haife shi a ƙauyen Havrebjerg na ƙasar Denmak a 1868. Ɗan manomi ne. Da fari ya so ya zama likita, daga baya ya koma ilmin sinadarai. A 1901 ya zama shugaban sashen sinadarai a ɗakin bincike na Carlsberg, a Kwapanhagan.

A nan ya lura cewa sinadaran jikin mai rai ba su aiki sosai sai tsami ya daidaita. Don haka a 1909 ya fito da ma'aunin pH. Ruwa zalla 7 ne, lemon tsami wajen 2, jinin mutum kuwa wajen 7.4, in ya kauce sai ciwo. Wata hanyarsa ta awo ita ce a ɗiga rini a duba launi, kamar yadda zoɓo kan sake kama in an jefa masa kanwa. Ya rasu a 1939.

Illar rini ita ce yakan narke ya ɓata abin da ake aunawa. Tun shekarun 1980 masana suka fara kulle shi cikin gilashin silika mai ƙananan kafofi, wanda ake haɗawa ba da wuta ba. Ruwa ya shiga, launi ya sake, rini yana nan daram. Amma har yau da ma'aunin ɗan manomin nan ake karanta sakamakon.