Melvil Dewey, Mutumin da Ya Ba Littattafai Lamba

Duk wanda ya taɓa shiga laburare ya ga lamba manne a bayan kowane littafi. Tsarin lambobin da aka fi bi a duniya aikin wani mutumin Amurka ne, sunansa Melvil Dewey.

An haife shi ran 10 ga Disamba, 1851, a Adams Center, wani ƙaramin gari cikin jihar New York. Sa'ad da ya ke kwalejin Amherst, ya kama aiki a laburaren makarantar. A zamanin nan lambar littafi wurin ajiyarsa ta ke nunawa, wato kanta kaza, jeri kaza. In littattafai suka ƙaru har aka matsa da su, sai a sake rubuta lambobin. Abin nan ya dami Dewey ƙwarai. Shi da kansa ya ba da labari daga baya, wai yana zaune cikin sujada, ana doguwar wa'azi, dabara ta faɗo masa: a ba littafi lamba bisa ga abin da ke cikinsa.

A 1876 ya buga ɗan littafi mai shafi 44. Ya raba ilimi kashi goma, daga 000 zuwa 900. Addini ya sami 200, harsuna 400, kimiyya 500, tarihi da labarin ƙasa 900. Kowane kashi ya sake rabuwa goma, haka kuma na ƙarƙashinsa. Ga misali: 220 Littafi Mai Tsarki ke nan, 225 Sabon Alkawari, 226 kuwa Linjila huɗu da Ayyukan Manzanni. In ana son ƙarin rabo, sai a sa ɗigo a ƙara lamba. Tarihin Afirka 960 ne, na Nijeriya 966.9.

To, mai neman littafi sai ya fara duba lambarsa cikin jerin sunayen littattafai, kana ya bi kantoci daga hagu zuwa dama, gama lambobin ƙaruwa su ke yi. Bayan ɗigo, ɗaya ɗaya a ke gwada su, saboda haka 966.15 na gaba da 966.9. Ƙarƙashin lambar a kan sa haruffan farko na sunan marubuci. Ko an ƙaura da kantoci, littafi yana nan tare da 'yan'uwansa.

A 1887 Dewey ya buɗe makarantar farko ta koyon aikin laburare a Columbia, ya karɓi mata ko da ya ke shugabanni ba su so ba. Amma halinsa ya ɓata masa suna. Kulob ɗin da ya kafa a Lake Placid ya hana Yahudawa da baƙar fata shiga, har ya rasa shugabancin laburaren jihar New York. Mata abokan aiki kuma suka kai ƙararsa kan rashin kunyar da ya ke yi musu. Ya rasu ran 26 ga Disamba, 1931. A 2019 ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Amurka, wadda da shi aka kafa ta, ta cire sunansa daga lambar yabonta.

Aikinsa dai yana nan, an yi ta gyara shi, bugu na 23 ya fito a 2011. Ikilisiyar da ke da littattafai ko da akwati guda ne tana iya jera su ta wannan hanya.