Les Paul: makaɗin jita da ciwon gaɓoɓi ya bar wa yatsu biyu

A wannan makon filinmu na tarihin mashahuran mutane zai tsallaka teku zuwa Amurka. Abin da ya jawo haka kuwa shi ne, kwanakin baya mun gayyato wani dattijo mai goge daga Yendi zuwa gidan rediyo, sai muka ga tun shiri bai yi rabi ba ya jingine gogen yana ta murza yatsunsa, saboda amosanin gaɓoɓi ya kama su. Irin wannan ciwo ba baƙo ba ne a kasuwanninmu. Teloli da masaƙa da mahauta da masu ɗaurin kaya a tashar mota, daga Salaga har Bawku, duk sun san shi, musamman idan hunturu ya kankama. Wannan ne ya tuna mana da wani Ba'amurke da ya shafe fiye da shekara 40 yana kiɗa da hannun da ciwon ke ci, wato Les Paul, wanda sunansa ke rubuce a kan ɗaya daga cikin jitocin lantarki da suka fi shahara a duniya.

An haife shi ranar 9 ga watan Yuni 1915 a garin Waukesha da ke jihar Wisconsin, kuma sunansa na yanka Lester William Polsfuss. Tun yana yaro ya kasance mai kwance-kwancen kayan gida don ya ga abin da ke ciki. Ya fara da busa hamonika, ya lanƙwasa waya ya rataya ta a wuya domin ya riƙa busa yana kaɗa jita a lokaci guda. Da ya ga mutanen da ke nesa ba sa jin jitar, sai ya ciro allurar garmaho ya soka a jikinta, ya jona da lasifikar rediyon gidansu. Bai kammala sakandare ba ya bi makaɗa zuwa St. Louis, daga nan Chicago, inda ya yi suna a gidajen rediyo da laƙabin Rhubarb Red, kafin ya koma New York a 1938.

Matsalar da ta dame shi a lokacin ita ce, jita mai rami a ciki idan aka ƙara mata sauti sai ta kama kuka, irin kukan da lasifika ke yi a wurin wa'azi ko biki idan an kusanto da makirfo. A wajajen 1940 ya samu guntun katako mai faɗin inci 4, ya kafa masa wuya da tsirkiyoyi da maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiya ya mai da shi lantarki. A masana'antar Epiphone ta New York ya haɗa shi, ya raɗa masa suna Gungume. Da ya ga mutane sun fi kallon siffar abin fiye da sauraron kiɗan, sai ya tsaga wata tsohuwar jita biyu ya manna a gefe da gefe don ta yi kama da wadda aka saba gani. Ya kai wa kamfanin Gibson, ba su karɓa ba. Sai da Leo Fender ya fito da tasa jitar marar rami a 1950 kasuwa ta karɓe ta, sannan Gibson suka neme shi, a 1952 aka fito da jita mai launin zinariya da sunansa a kai.

A nan za mu ɗan tsaya. Mutane da dama kan ce shi ne ya ƙirƙiro jitar lantarki, amma mu a ganinmu wannan wuce gona da iri ne. Kamfanin Rickenbacker yana sayar da jitar lantarki tun shekarun 1930, kuma ma'aikatan Gibson a ƙarƙashin Ted McCarty su suka yi mafi yawan aikin tsara wadda aka sa wa sunansa. Duk ɗan kasuwa ya san darajar suna a kan haja, kuma sunan ne Gibson suka fi saya a wurinsa. Wannan irin jita ce Bob Marley ya fi riƙewa a wasanninsa. Inda ba a jayayya da Les Paul shi ne wajen naɗar sauti. A 1948 ya fitar da wani faifai mai suna Lover wanda a cikinsa ake jin jita 8, alhali shi kaɗai ya kaɗa su, yana ɗora wani sauti a kan wani. Shi da matarsa Mary Ford sun yi amfani da wannan dabara a How High the Moon a 1951 da Vaya con Dios a 1953, duka biyun suka hau kan gaba a cinikin faifai a Amurka. Waƙoƙin finafinan Kano da 'yan kasuwarmu suka sha sayarwa a kaset, waɗanda yanzu ake tura wa mutane a waya, da wannan hanya ta ɗora murya a kan murya ake haɗa su.

To amma jikinsa bai bar shi ya huta ba. A 1941 wutar lantarki ta ja shi yana cikin gwaje-gwajensa, ta kusa halaka shi. A watan Janairu 1948 kuma motar da suke ciki da Mary Ford ta zame a kan ƙanƙara a jihar Oklahoma, gwiwar hannunsa na dama ta ragargaje. Likitoci suka ga ba za ta sake lanƙwasuwa ba, har aka kawo maganar yanke hannun. Shi kuwa sai ya zaɓi a ɗaure hannun ya sandare a lanƙwashe, daidai yadda zai rungumi jita ya kai ga tsirkiya. Ya yi kusan shekara ɗaya da rabi yana jinya, kuma har ya bar duniya hannun bai ƙara miƙewa ba. Mai karatu ya lura, duk manyan faifan da ya yi da Mary Ford da wannan sandararren hannu ya kaɗa su.

Amosanin gaɓoɓi ya fara damunsa ne a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da aurensa da Mary Ford ya mutu a 1964, kiɗan matasa kuma ya ture irin nasa. Ya janye jiki ya koma gidansa a Mahwah ta jihar New Jersey. A 1976 ya fito ya yi faifai da Chet Atkins wanda ya ci lambar Grammy, daga baya aka yi masa babban aikin tiyata a zuciya. Da yawa sun ɗauka shi ke nan. Sai ga shi a 1984 ya fara wasa duk daren Litinin a wani ƙaramin gidan kiɗa a New York mai suna Fat Tuesday's, a tsakiyar shekarun 1990 ya koma Iridium, kuma bai daina ba sai makonni kaɗan kafin rasuwarsa. A ƙarshen rayuwarsa yatsu biyu ne kawai na hannun hagu suke yi masa aiki sosai. Gudun yatsu da aka san shi da shi ya tafi, don haka ya sake koyon kiɗa, ya rage yawan sautukan da yake bugawa, yana barin kowane ɗaya ya ja kafin ya taɓa na gaba. Yana da wanda ya gani a gabansa, domin tun yana matashi yake sha'awar Django Reinhardt na Faransa, wanda gobara ta lalata wa yatsu biyu a 1928 amma ya zama gwani da sauran.

Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne jitar lantarki ba ta buƙatar ƙarfi kamar molo ko kologon mutanen Bolga, tunda lasifika ce ke ɗaga sauti. Wannan ne abin da muke so masu sayar da kayan sauti su riƙe, domin a Kumasi da Tamale ana kawo jitoci 'yan gwanjo, kuma masu saye daga coci da ƙungiyoyin kiɗa ba duka ne matasa ba. Abu na farko da mai ciwon yatsu zai duba shi ne tazarar da ke tsakanin tsirkiya da wuyan jita. Idan ta yi nisa, danna ta azaba ce. Ana sauke ta ne daga jakin da tsirkiyoyin suka hau, har ta dawo kamar milimita 2 ko ƙasa da haka a tsakiyar wuya, muddin ba ta fara goga ƙarafan da ke gicciye tana zuzu ba. Sai kaurin tsirkiya, wanda ake rubuta lambarsa a jikin fakiti. Lamba 9 ta fi 10 laushi, 8 kuma ta fi duka, sai dai tana saurin tsinkewa a hannun mai duka da ƙarfi. Tsawo ma yana da tasiri. Tsirkiyar Gibson inci 24.75 ce, ta Fender kuma 25.5, kuma gajeriyar ta fi sauƙin dannawa, yatsu ba sa buɗewa da yawa.

Maganar kaurin wuya ita ce inda ake yawan kuskure. Mutane kan ɗauka siririn wuya ne ya dace da mai ciwo, amma wanda gindin babban yatsansa ke ciwo sau da yawa ya fi jin daɗin wuyan da ya cika masa tafi, kamar yadda ƙotar fartanya siririya ke saurin gajiyar da hannu. Babu abin da ya fi a bar mai saye ya zauna ya riƙe ta na ɗan lokaci kafin a yi ciniki. A cikin wuyan akwai wani dogon ƙarfe da ake juyawa da ɗan makulli don miƙar da shi. A ƙasarmu wannan ƙarfe yana da aiki, domin jitar da ta taso daga laimar Ankara ta iso Bawku cikin hunturu katakonta zai bushe, wuyan ya motsa, bakin ƙarafan ya fito yana yankar hannu. Kada a juya shi fiye da rubu'in zagaye a lokaci guda, kuma idan ya ƙi juyuwa a kai wa wanda ya iya. Wani abin dariya shi ne, jitar da ke ɗauke da sunan Les Paul tana cikin masu nauyi, takan kai kilo 4 zuwa 5, don haka dattijo mai ciwon kafaɗa gara ya kaɗa ta a zaune ko ya nemi mai faɗin maratayi.

Muna kuma jan hankalin masu wannan ciwo game da ƙwayoyin kashe zafi da ake sayarwa a faranti ranar kasuwa. Yawan shan su ba tare da ganin likita ba yana jawo gyambon ciki kuma yana taɓa ƙoda.

A 1988 an sa sunan Les Paul a zauren girmamawa na makaɗan rock, a 2005 kuma a na masu ƙirƙire-ƙirƙire na Amurka. A 2006, yana da shekara 90, ya karɓi lambar Grammy guda biyu. Ya rasu a watan Agusta 2009 a wani asibiti da ke White Plains ta jihar New York sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 94, aka mai da gawarsa Waukesha inda aka haife shi aka binne.